KWAMFUTA MAI MAGANA: YADDA AKE ƘARA MATA WAYO DOMIN 'YAN'UWANMU MAKAFI

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa bi ta Titin Kano a Ebute Metta da sanyin safiya, ko ya tsaya a bakin masallacin Juma'a a Agege, ko a Sabo ta Badun, ya san abin da zan faɗa tun ban faɗe shi ba. Za ka ga dattijo riƙe da sanda, ga yaro ƙarami a gaba yana jan bakin sandar, suna ratsa motoci suna neman sadaka. Dattijon namu ne, yaron ma namu ne, kuma a wannan lokacin yaron a makaranta ya kamata a same shi. Ku 'yan'uwanmu mazauna Kurmi kun fi mu sanin irin kallon da baƙi ke yi mana saboda wannan.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da aka yi a ko'ina cikin ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, watau mutum wajen 1,130,000. Arewa maso Gabas ce kan gaba da kashi 6.1, Kudu maso Yamma kuwa kashi 2.8 ne kawai. Yanar ido ita ce babbar sanadi, sai hawan jinin ido ya biyo baya. Ke nan da wuya a sami zuri'a a Arewa wadda ba ta da makaho a cikinta.

Ni ma ina da nawa. Ƙanena ne, ɗan baffana, wanda idonsa ya rufe tun yana ɗan shekara goma sha biyu bayan wata doguwar jinya. Allah Ya taimake shi aka kai shi makarantar makafi, ya iya rubutun Braille, ya iya buga tafireta, daga baya ya koyi kwamfuta. Yanzu yana zaune wajen kawunmu a Agege, kuma wani kamfanin sufuri ya ɗauke shi aikin amsa wayar masu aika kaya. A kwanakin baya da na sauka Ikko na tarar da shi cikin damuwa. Kamfanin ya canza manhajar da suke rubuta lissafin kaya da ita, kuma tun daga ranar kwamfutarsa ta daina gaya masa abin da ke gabansa. Manajan ya ba shi mako biyu, ya ce in bai iya komawa saurinsa na da ba, to sai dai a yi haƙuri. Abin da ya cece shi ɗan ƙaramin fayil ne wanda bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Wannan shi ya sa na ga ya kamata in kawo muku bayanin abin, domin na tabbata akwai irinsa da yawa a cikinku.

MENE NE MAKARANCIN ALLO?

Makarancin allo wata manhaja ce da ake sa wa kwamfuta ko waya, wadda ke karanta duk abin da ya bayyana a kan allo ta faɗe shi da murya. Makaho ba ya amfani da linzamin kwamfuta, domin ba ya ganin inda kibiyar take. Da maɓallai yake yin kome. In ya danna maɓalli, muryar ta gaya masa inda ya sauka, in ya buga harafi ta maimaita masa, in saƙo ya shigo ta karanta masa. Wanda ya goge yana sa muryar ta yi gudun da mai ido ba ya fahimtar ko kalma ɗaya. Ran da na fara jin ta ƙanena, ca nake rediyo ce ta lalace.

A kwamfuta mai Windows guda biyu ne suka fi suna. Na farko shi ne JAWS. Wani Ba'amurke mai suna Ted Henter, wanda da ɗan tseren babur ne, ya makance a haɗarin mota cikin 1978, sa'an nan ya koyi aikin kwamfuta, ya kafa kamfani. Kamfaninsa ya fitar da JAWS na farko a 1989, na Windows kuma a 1995. Tun daga shekarar 2000 kamfanin Freedom Scientific ne ke yinsa. Na sayarwa ne, kuma da dala ake biya. Wanda bai biya ba zai iya gwada shi na minti 40, daga nan sai ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa kafin ya ci gaba.

Na biyu shi ne NVDA. Wani saurayi makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, shi ya fara rubuta shi a 2006, abokinsa James Teh, wanda shi ma makaho ne, ya zo ya kama masa. A 2007 suka kafa ƙungiyar NV Access domin riƙon aikin. Hujjarsu ita ce bai kamata makaho ya biya kuɗin da mai ido ba ya biya kafin ya taɓa kwamfuta ba. Saboda haka NVDA kyauta ne, kowa na iya sauke shi daga intanet, kuma an fassara shi cikin harsuna fiye da 50. A wayar hannu kuwa akwai VoiceOver a iPhone da TalkBack a Android, dukansu tun 2009, kuma suna zuwa ne a cikin wayar.

INDA GIZO KE SAƘAR

To, tun da ga makaranci, me ya kawo maganar ƙari? Dalili shi ne makarancin allo ba ido gare shi ba. Tambaya yake yi. Kowace manhaja da aka buɗe, sai ya tambaye ta sunan kowane maɓalli da kowane gurbi da ke jikinta, abin da ta gaya masa shi yake faɗa. In wanda ya rubuta manhajar ya yi aikinsa da kyau, ya laƙaba wa kome suna, sai a tafi lafiya. In kuwa ya yi ganganci ya sa hotuna kawai, wannan hoton faifai, wancan hoton kwandon shara, to mai ido zai gane, amma muryar ba abin da za ta ce sai maɓalli, maɓalli, maɓalli. Makaho bai san wanne ne na ajiyewa ba, wanne ne na sharewa. Abin da ya sami ƙanena ke nan.

Ku ɗauka kamar ɗan jagora ne wanda ya san manyan titunan Ikko sarai, amma ran da aka ce ya shiga da kai cikin kasuwar Idumota ko Alaba sai ya tsaya cik, domin bai san lungunanta ba. Ba sai an sake ɗan jagora ba. Abin da ake bukata shi ne wani ɗan kasuwar ya zauna da shi ya karanta masa: in ka wuce rumfa ta uku ka yi dama, matakala na nan, kwata na can. Wannan karantarwa ita ce ake rubutawa a ɗan fayil a ɗora wa makarancin allo. A wajen masu JAWS sunanta sikirif, watau rubutaccen umarni. A wajen masu NVDA kuwa ana ce mata ƙari, kuma da harshen kwamfuta mai suna Python ake rubuta ta.

Aikin da irin waɗannan fayiloli ke yi iri uku ne. Wani yana raɗa wa maɓallan da ba su da suna suna. Wani yana taƙaita hanya, abin da sai ka danna sau goma sha biyar kafin ka isa gare shi ya mai da shi dannawa ɗaya. Wani kuma sabon aiki ne ɗungum yake kawowa. Misali, akwai ƙari mai suna Golden Cursor wanda ke riƙe wuraren da aka ajiye kibiyar linzami, yadda mai ido zai nuna wa makaho wurin sau ɗaya, daga nan shi da kansa zai riƙa komawa can da maɓalli. Akwai na manhajar StationPlaylist wanda makafi masu aikin gidan rediyo ke amfani da shi wajen jera waƙoƙi da sanarwa. Akwai kuma NVDA Remote, wanda ke ba makaho da ke Jos damar shiga kwamfutar makahon da ke Ikko ta intanet ya gyara masa, yana jin duk abin da take faɗa. Amfaninsa ya kai har a 2025 aka shigar da wannan aiki cikin NVDA kansa. Ta wannan hanyar ce wani tsohon ɗan ajinsu ya shiga kwamfutar ƙanena, ya zauna dare biyu yana bin manhajar kamfanin gurbi gurbi, ya rubuta masa ƙarin da ya dace da ita.

YADDA AKE ƊORAWA A NVDA

Wannan sashe a karanta wa mai abin a hankali, ko a ajiye masa jaridar. Sunayen da ke kan allo da Turanci suke, don haka na bar su yadda muryar za ta faɗe su.

Da fari a san cewa akwai maɓallin da ake kira maɓallin NVDA, wanda yawanci shi ne Insert, wasu kuma sukan mai da shi Caps Lock. In aka danne shi tare da harafin N, sai jerin ayyukan NVDA ya buɗe. A fara shiga Help, sa'an nan About, a ji fitowar wace shekara ce ke kan kwamfutar. Wannan yana da muhimmanci, domin kowane ƙari yana da fitowar da ya dace da ita.

Sa'an nan a koma jerin a shiga Tools, a nemi Add-on Store. Wannan rumbu ne da aka shigo da shi cikin NVDA a 2023, inda aka tara ƙare-ƙaren da masu rubutawa suka miƙa. Yana da shafuka: na waɗanda ke kan kwamfutar, na waɗanda ke jiran sabuntawa, na waɗanda za a iya ɗaukowa, da na waɗanda suka daina dacewa. Da Control da Tab ake tsallakawa daga wannan shafi zuwa wancan. A shafin ɗaukowa akwai gurbin nema. A rubuta sunan abin da ake so, a sauka kansa da kibiya, a saurari bayaninsa da sunan wanda ya rubuta shi, a danna Enter, a zaɓi Install. In ya gama saukowa NVDA zai nemi a sake tashinsa. Sai an yi haka ƙarin zai fara aiki.

In kuwa fayil ne wani ya ba ka, kamar yadda aka yi wa ƙanena, za ka ji sunansa ya ƙare da nvda-addon. Ka sauka kansa ka danna Enter, NVDA zai tambaye ka ko ka yarda, ka amsa, ka sake tashinsa. Shi ke nan.

Shawarata ita ce a riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya. A ɗora wannan, a yi aiki da shi yini guda, kafin a ƙara wani. Wanda ya zuba goma a lokaci ɗaya, in abu ya rikice ba zai san mai laifin ba. In kuma har ya rikice, a danna maɓallin NVDA da harafin Q, a zaɓi sake tashi ba tare da ƙare-ƙare ba, a shiga rumbun a kashe wanda ake zargi. In muryar ta ɗauke gaba ɗaya, Control da Alt da N suna tayar da NVDA. In wannan ma ya ƙi, Windows na da nata makarancin mai suna Narrator, wanda ake kunnawa da maɓallin Windows da Control da Enter. Kowane makaho ya haddace wannan kamar lambar wayar gidansu, domin shi ne sandar da zai dogara da ita ran da babbar ta karye.

Akwai wata dabara da za ta yi wa masu yawo amfani. A cikin Tools ɗin nan akwai inda ake kwafe NVDA, da muryarsa da ƙare-ƙarensa duka, a zuba a filash. Sai mutum ya sa a aljihu. Duk shagon buga takardu ko ofis da ya shiga, ya soka filash ɗin, kwamfutar wurin ta yi masa magana yadda ya saba, ba tare da an girka mata kome ba.

NA JAWS KUMA FA?

Na JAWS ya ɗan fi wuya. Wasu sikirif suna zuwa da manhajar da ke girka su da kanta, wannan ba matsala, bin umarni ne kawai. Wasu kuwa tarin fayiloli ne a ƙunshe, sai an kwance su an zuba da hannu. Za a ji sunayensu na ƙarewa da jss, wanda shi ne rubutun da mutum ke iya karantawa, da jsb, wanda shi ne wanda aka sarrafa domin JAWS ya yi aiki da shi, da jkm, mai riƙe da jerin maɓallai. Wurin zuba su shi ne jakar saitin mai kwamfutar, wadda ake buɗewa ta Explore My Settings. Kada a kuskura a zuba su a jakar da JAWS ya ajiye nasa na asali, domin in aka danne waɗancan, gyaran sai an sake girka shi. Kafin a taɓa kome, a kwafi jakar gaba ɗaya a ajiye a gefe.

In aka ba ka jss ba tare da jsb ba, sai ka buɗe manhajar da aka yi sikirif ɗin dominta, ka danna Insert da sifiri, Script Manager ya buɗe, ka danna Control da S domin ya sarrafa shi. In akwai kuskure a rubutun zai faɗa maka. Domin tabbatar da cewa ya hau, ka koma cikin manhajar ka danna Insert da Q, JAWS zai gaya maka sunan saitin da yake aiki da shi. A lura da kyau: wannan dannawar a JAWS tambaya ce, a NVDA kuwa hanyar fita ce. Masu amfani da duka biyun sun sha yin wannan tuntuɓe.

HATTARA DAI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makarancin allo yana jin duk harafin da ka buga, har da kalmar sirrin banki, kuma yana karanta duk wasiƙar da ka buɗe. Ƙarin da ka ɗora masa shi ma yana iya kaiwa ga duk waɗannan. Saboda haka ɗora ƙarin da ba ka san asalinsa ba daidai yake da ba baƙo makullin ɗakinka. A ɗauko daga rumbun NVDA, ko daga wajen wanda ya rubuta shi, ko daga hannun wanda aka sani aka amince da shi. Fayil ɗin da ke yawo a zaurukan WhatsApp ba a san hannu nawa ya ratsa ba.

Ƙanena ya ɗanɗana wannan tun kafin abokinsa ya kawo masa ɗauki. Cikin ruɗewa ya ɗauki kwamfutar ya kai wa wani mai gyara, shi kuwa ya karɓi kuɗinsa ya zuba masa JAWS na sata da tarin sikirif da bai san aikinsu ba. Da suka dawo gida kwamfutar ta yi gum, ko tari ba ta yi. Kwana biyu cikin sha huɗun da aka ba shi a nan suka tafi, sai da aka share kome aka sake. Araha ba ta ado, kuma mai gyaran da bai taɓa rufe ido ya yi aiki da kwamfuta ba, bai san abin da shirunta ke nufi ga makaho ba.

Abu na biyu shi ne sabuntawa. A al'adar NVDA, fitowar farko ta kowace shekara takan zo da canje-canjen da ke sa tsofaffin ƙare-ƙare su daina aiki har sai masu su sun gyara. An ga haka sosai a fitowar 2019.3, lokacin da aka koma sabon Python. Don haka wanda abincinsa ya rataya a kan wani ƙari, kada ya yi gaggawar sabunta NVDA sai ya tabbata an gyara ƙarin. JAWS ma kowace shekara sabo ke fitowa da tasa jakar, sai an kwashe sikirif an mayar can. Masu sayen kwamfuta ta hannu a kasuwar Ikeja kuma su sani cewa tun daga fitowar 2024.1 NVDA ya daina hawa Windows 7. A duba wannan kafin a biya kuɗi.

HAUSA A BAKIN NA'URA

Wani abin da zai ba ku dariya, ya kuma ba ku haushi, shi ne jin muryar Turanci tana karanta Hausa. Sai ta bi ƙa'idar Turanci ta murɗe kalmar har mai ita ya kasa gane ta, balle in ta ci karo da ƙ da ɗ da ɓ. Akwai ɗan magani. NVDA na da ƙamus na furuci a ƙarƙashin Preferences, JAWS ma na da nasa da ake buɗewa da Insert da D. A nan mutum zai rubuta kalma, ya rubuta yadda yake so a faɗe ta. Wasu sukan ce a mai da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, don kalma ta fita a dunƙule. Sai dai fa a nan ƙafa da kafa sun zama ɗaya, ɓata da bata ma haka, sai mai sauraro ya cike da hankalinsa.

A nan ne nake kira ga samarinmu da suka karanta ilmin kwamfuta a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, da waɗanda ke aiki a kamfanonin Ikko. Ƙofar NVDA a buɗe take, ba a neman izinin kowa kafin a rubuta masa ƙari, kuma har sabuwar murya ana iya ɗora masa ta wannan hanya. Samari biyu makafi ne suka fara shi daga ɗakinsu. Me zai hana namu su zauna su yi wa Hausa irin wannan hidima?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hanya dai an share ta. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, ta Pacelli a Surulere tun 1962, ga kuma cibiyar koyon sana'a ta makafi a Oshodi. Hukumar JAMB, wadda ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ta kafa kwamiti na musamman a 2017 a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi tasu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Amma doka ba ta danna wa kowa maɓalli. Wanda aka ɗauka aiki ya kasa sarrafa manhajar ofis, ba a daɗewa ake samun dalilin sallamarsa.

Saboda haka ina roƙon sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Sabo, da sarakunan makafi, da 'yan kasuwarmu na Mile 12, su dubi wannan al'amari. Kuɗin da ake rabawa sadaka a ƙofar masallaci a Juma'a huɗu zai sayi kwamfuta ɗaya ta hannu. A ajiye ta a ofishin ƙungiya, a sa mata NVDA, a nemo makaho ɗaya da ya iya ya riƙa koya wa saura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu kamfani a cikinku kuma, kafin ku sayi sabuwar manhaja ku tambayi mai sayarwa ko makarancin allo na iya karanta ta.

Ƙanena dai yana nan a bakin aikinsa. Ran da zan taso na same shi da abin sauraro a kunne, yatsunsa na gudu a kan maɓallai, yana gaya wa wani mai kaya a Onitsha lambar motar da ta ɗauko buhunansa. Da ya gama ya juyo ya ce mini in na isa gida in gaida Inna, in gaya mata kuɗin makarantar ƙannensa na wannan zango shi zai biya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mana ganinmu, Ya kuma ba mu ikon taimakon juna. Amin.